Darasi: Yadda Za Mu Tsare Ƙofar Intanet ta Gida

'Yan'uwa manoma, a yawon da muke yi mun lura rauta ta shiga gidaje da ɗakunan ajiya na ƙungiyoyi a Bakori da Tsiga da Kabomo, wato 'yar na'urar nan da ake sa wa layin MTN ko Airtel ko Glo ta raba wa wayoyi intanet. Ta cikinta ake tura kuɗin taki, ake karɓar kuɗin masara daga 'yan kasuwar Funtua da Dandume. Waɗansu har sun haɗa kyamara don su riƙa duba buhunansu da dare. Amma yawancinmu yadda aka fito da ita daga kwali haka muka jona ta. Rauta kuwa zauren gida ce, duk mai shiga da mai fita ta nan zai bi.

Kowace na'ura a intanet tana bukatar lamba, wato adireshi. Tsohon tsarin lambobi bai wuce wajen biliyan 4.3 ba, babban rumbunsu kuwa ya ƙare a Fabrairu 2011. Tun 1994 masana suka fito da dabarar juya adireshi, wadda ake kira NAT. Dattawa za su tuna lokacin da ƙauye guda yake amfani da akwatin gidan waya ɗaya na makarantar firamare. Wasiƙar kowa da lambar akwatin nan take fita, in amsa ta zo hedimasta ya san mai ita. Haka rauta take yi. Wayoyin gida tana ba su lambobin cikin gida, irin masu farawa da 192.168, waɗanda aka keɓe don wannan aiki tun 1994. In waya ta aika saƙo, sai rauta ta sa masa lambarta ta waje, ta rubuta a littafinta wa ya aika, ta wace ƙofa. Amsa ta dawo, ta duba littafi ta miƙa. Saƙon da ba wanda ya nema ba shi cikin littafi, sai ta yar.

Wannan yakan sa mutane su ce ai an tsare su. A ganinmu rabin gaskiya ne. Hedimasta mai rabon wasiƙa ne, ba mai gadi ba. Mai gadi shi ne shingen tsaro, wanda a shafin rauta aka rubuta Firewall, shi yake da dokar abin da zai wuce. A sabon tsarin lambobi na IPv6 kowace waya tana iya samun lambarta ta waje, ba juyi, don haka shingen ne kaɗai ya rage tsakaninta da duniya.

To, ga aikin. A haɗa waya da rauta, a buɗe burauza, a rubuta lambar da ke jikin takardar da aka manna a ƙarƙashinta, galibi 192.168.0.1 ko 192.168.1.1 ko 192.168.8.1. Kalmomin sirri biyu ne, kada a rikita su: ɗaya ta shiga waifai, ɗaya ta shiga shafin sarrafawa. Ta biyun ita aka fi mantawa, sau da yawa kuwa admin ce kawai. A 2016 wata muguwar manhaja mai suna Mirai ta kame dubban ɗaruruwan kyamarori da rautoci da kalmomin kamfani kusan 60 kawai, aka yi amfani da su aka tsayar da manyan shafuka irin su Twitter a Amurka. Masu na'urorin ba su ma sani ba. Saboda haka a canza duka biyu, kowace ta kai harafi 12, ba sunan ɗa ba, ba lambar waya ba. A waifai a zaɓi WPA2 ko WPA3, a kashe WPS.

Sa'an nan a tabbata shingen yana kunne. A kashe sarrafawa daga nesa, domin ba dalilin da zai sa wani a wata ƙasa ya ga shafin rautarmu. A kashe UPnP, gama shi yake ba kowace na'ura izinin buɗe wa kanta ƙofa ba sallama. DMZ kuwa kada a taɓa shi, daidai yake da kwance kyauren zaure saboda mutum ɗaya.

Maganar kyamara ta fi ba mu wahala. Sakataren wata ƙungiya ya yini yana buɗe ƙofa a rauta don ya ga ɗakin ajiya daga Malumfashi, abin ya ƙi. Da muka duba lambar waje ta rautar, sai muka ga ta fara da 10. In ta fara da 10, ko tana tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin layi shi ma yana juya adireshi, mutane da yawa suna kan lamba ɗaya, ƙofar da muka buɗe ba ta kai titi ba. Sai a rufe ta, a yi amfani da manhajar kyamarar, tun da ita daga ciki take fita. Amma lalle a canza kalmar sirrin kyamarar, gama ɓarawon da ke kallon hoton ya san buhu nawa ne, ya san lokacin da mai gadi yake gyangyaɗi.

Baƙi da yaran maƙwabta a buɗe musu waifai na baƙi in rauta tana da shi. Ba rowa ba ce, baƙo a zaure ake sauke shi. Kuma a sani, in aka danne ɗan maɓallin ramin baya na wajen daƙiƙa 10, duk gyaran nan ya goge, kalmar kamfani ta dawo, sai a sāke daga fari. Ma'aji ya rubuta sababbin kalmomin a littafin ƙungiya, ya kulle tare da rasit. A taro mai zuwa kowane sakatare ya zo da rautarsa da caji a cikinta, za mu buɗe shafin tare.