Darasi Na 14: Yadda Za Ka Tsare Lambunka Daga Gada Da Mazo

Jama'a, aikin lambu aiki ne mai wahala. Mutum ya yi ban ruwa wata 2, kuɓewa da dankali da wake su yi kyau. Ran nan ya zo da safe ya tarar an cinye ganyen. Wane ne ɓarawon?

Kafin ka zargi akuyar maƙwabci, ka duba ganyen tukuna. In an yanke shi sumul kamar da wuƙa, zomo ne. In an fizge shi ya yage, to, gada ce ko mazo ko akuya, domin ba su da haƙoran gaba na sama. Sa'an nan ka duba sawu. Kofaton gada rabe ya ke biyu kamar na akuya, amma ya fi ƙanƙanta.

Gada da mazo da magariba su kan fito, har zuwa asuba. Da rani ne su ka fi ɓarna, sa'ad da daji ya bushe, lambu kuwa ya ke kore shar.

Ga abin da za ka yi.

1. Ka yi shinge. Gada ƙarama ce, ta kan kurɗa ta ƙasa. Saboda haka ka toshe gindin shinge da ƙayar magarya ko ta bagaruwa, kada ka bar kafa ko ɗaya. Mazo kuwa gwanin tsalle ne. In lambunka na kusa da kurmi, shingen ya wuce tsawon mutum, watau kamar kamu 5.

2. Ka dasa aguwa ko bini-da-zugu a jikin shingen. Dabbobi ba su son cinsu. Kara ya kan ruɓe, gara ta cinye shi, amma dashe sai ƙara kauri ya ke yi kowace shekara. Ka ja kunnen yara, kada su ci 'ya'yan bini-da-zugu, da dafi a cikinsu.

3. Ka sare ciyawa da sarƙaƙiya kewaye da lambu, don su rasa maɓoya.

4. Ka kafa mutum-mutumi, ka rataya gwangwanaye da duwatsu a ciki. Amma ka riƙa sake musu wuri bayan kwana 3 ko 4. In ba haka ba, dabba ta saba, ta daina tsoro.

Kada ka zuba guba. Kada kuma ka ɗana tarko a kan hanya, don ya kan kama yaro ko akuya.

Ka yi shinge tun kafin ka yi shuka. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Yaya za ka bambanta cin zomo da cin gada?
2. Don me a ke toshe gindin shinge?
3. Me ya sa a ke sake wa mutum-mutumi wuri?

Rubuta waɗannan a allonka: gada, mazo, lambu, shinge, ƙaya.