Kafin a Mayar da Tsohuwar Masana'anta Gidaje da Shaguna

A birnin Biyana na ƙasar Austiriya akwai wasu manyan rumbunan iskar gas guda huɗu, waɗanda aka gina da jan bulo tsakanin 1896 zuwa 1899. An daina amfani da su a 1984. A 2001 aka sake buɗe su bayan an bar bangayensu na asali a tsaye, aka gina shaguna a ƙasa, ofisoshi a tsakiya, gidajen kwana a sama.

Mai hangen yin irin wannan da tsofaffin masaƙun Kakuri a Kaduna ko rufaffun masana'antun Bompai a Kano, ya fara da kiran injiniya ya duba harsashi, ginshiƙai da rufi, musamman tsatsar da ta ci ƙarafa. A gwada ƙasar wurin, domin rini da baƙin mai sukan daɗe a cikinta har su gurɓata rijiyar burtsatse. Tsohon rufin asbestos kuwa, ƙwararru kaɗai za su cire shi.

A nemi izinin sauya amfanin fili kafin a taɓa bulo ɗaya.

Sannan a ware wa mazauna ƙofarsu da matakalarsu daban, a ajiye janareto da wurin sauke kaya nesa da tagogin ɗakunan barci.