Darasi ga maharba: zaɓen bindiga mai baki biyu iri daban

Ƴan uwa manoma da makiyaya na Damargu, idan an gama kaka, an kai hatsi rumbu, wasu cikinmu sukan nufi daji neman zomo, zabon daji, fakara da kurciya domin gyaran miya. Masu hali sukan so sayen bindiga. Darasinmu na yau a kan wata irin bindiga ne mai baki biyu, amma aikinsu ba ɗaya ba ne.

Yadda take

Baki guda cikinsa sumul ne. Yana watsa ƙananan ƙwayoyin dalma masu yawa, shi ya sa ya dace da tsuntsu mai tashi ko zomo mai gudu. Amfaninsa bai wuce mita 30 zuwa 40 ba. Baki na biyu akwai zane murɗaɗɗe a cikinsa, wanda ke sa harsashi guda ya tafi yana juyawa, ya miƙe sak. Da shi ake harbin dabbar da ta tsaya nesa, kamar mita 50 zuwa 70. Kamfanin Savage na Amurka ya fara sayar da irinta mai lamba 24 a shekarar 1950, kamfanin Baikal na Rasha ma ya ƙera tasa.

Amfaninta shi ne mutum ya ɗauki bindiga ɗaya maimakon biyu. Aibinta kuwa, kowane baki harbi ɗaya gare shi, sai an karya ta an sake ɗurawa. Saboda haka ba ta dace da mai gaggawa ba.

Kafin a saya

Abu na farko takarda ne. Dokar ƙasarmu mai lamba 98-07 ta ranar 29 ga Afrilu 1998 ita ce ta tsara farauta da kare namun daji. Izinin riƙe bindiga daban, izinin farauta daban. A je ofishin gandun daji na Tanut ko na Balbeji a tambaya ko an buɗe farauta, da irin naman da aka yarda a harba, da irin bindigar da izinin ya ƙunsa. Wanda ya saya a ɓoye yana iya rasa bindigar da kuɗinsa, ya kuma gurfana gaban alƙali.

Na biyu, girman baki. Ga ƙananan namu, harsashi mai lamba 22, wanda kaurinsa ya kai milimita 5 da rabi, ya isa. Wanda ya fi shi yakan farfasa naman zomo. A baki mai watsi kuwa akwai lamba 12, lamba 20 da ƙarama mai lamba 410. A zaɓi wadda harsashinta ke samuwa wajen masu sayarwa da izini, domin bindiga ba harsashi sanda ce kawai.

Na uku, a duba lafiyarta. A karya ta, a ɗaga ta wajen haske, a leƙa cikin bakunan. In akwai tsatsa, kumburi ko tsagewa, a bar ta. In an rufe ta tana girgiza, ta tsufa. A gwada makullinta na tsaro, a kuma harbi kwali a wurin da ba kowa, a ga ko bakunan biyu suna faɗawa inda aka auna.

Hatsarin da ke tafe da ita

Ƙasarmu fili ce, ba duwatsu ko itatuwa masu yawa da za su tare harsashi. Harsashi mai lamba 22, duk da ƙanƙantarsa, yana iya wuce kilomita ɗaya da rabi. Tsakanin Gangara, Tarka da Tenhiya kuwa ba a rasa Bafillace ko Buzu da dabbobinsa, ko yara masu zuwa rijiya. Kada a harbi tsuntsu a sama ko bisa itace da wannan baki. Sai in akwai tudun rairayi bayan dabbar. A gida a cire harsashi, a kulle shi daban, inda yara ba sa kaiwa. A shafa mai kaɗan kawai, don mai da yawa yana kama ƙurar hunturu.

Dalma guba ce

Ƙwayoyin da ke cikin harsashi yawanci dalma ce, tana kuwa lalata ƙwaƙwalwar yara, tana cutar da mai ciki. A shekarar 2010 gubar dalma daga duwatsun zinariya ta kashe yara wajen 400 a Zamfara. Ƙasashen Tarayyar Turai sun hana harbi da ƙwayoyin dalma a fadamu tun Fabrairu 2023. Don haka in za a dafa naman da aka harba, a tsince ƙwayoyin, a yanke naman da ke kewaye da raunin a zubar. Dahuwa ba ta kashe wannan guba.

Mu bar wa na baya

Tsofaffinmu sun ga mariri da jimina a arewacin Damargu. A shekarar 2000 masana suka bayyana cewa mariri ya ƙare a daji, sai a 2016 aka sake sakin wasu a Cadi. Gandun Gadabeji, wanda aka kafa a 1955, da na Tarmit da Tin Tumma na 2012, ba wuraren farauta ba ne. Kada a harbi dabba mai ciki, kada a taɓa tsuntsu lokacin ƙwai. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi domin tattaunawa a aji

1. Mene ne bambancin bakunan biyu?
2. Waɗanne takardu ake nema kafin farauta?
3. Me za a yi wa naman da aka harba kafin a dafa?