Yadda Ƙananan Hukumomi Uku Suka Haɗa Asusu Don Gina Hanyar Shan Iska a Amurka

A ƙasashen da suka ci gaba akwai wata irin hanya da ake shimfiɗawa don masu tafiya da ƙafa da masu keke kawai, a dasa itatuwa a gefenta, a kuma hana mota shiga. Galibi takan bi gaɓar kogi ko tsohon layin dogo, saboda haka takan ratsa iyakokin ƙananan hukumomi da dama. Nan ne matsalar take, domin kowace hukuma tana ƙyashin kashe kuɗinta a aikin da maƙwabta za su mora. Yadda yankin Sant Luwis da ke Jihar Misuri ta Amurka ya warware wannan matsala darasi ne ga masu harkar kuɗi da kasuwanci.

Tun shekarar 1876 birnin Sant Luwis ya ɓalle daga gundumar da ke ɗauke da sunansa, kowanne ya riƙe mulkinsa da baitulmalinsa. Ita gundumar tana da garuruwa fiye da 80 masu majalisun kansu, sannan a ƙetaren Kogin Misuri akwai gundumar Sant Cals. Duk da wannan rarrabuwa, a watan Nuwamba na shekarar 2000 jama'ar birnin da na gundumomin biyu suka kaɗa ƙuri'ar amincewa da ƙarin harajin ciniki, da kuma kafa hukuma guda da za ta riƙe aikin, wadda aka sani da suna Great Rivers Greenway.

Abu na farko da aka daidaita shi ne mafitar kuɗi. Harajin bai wuce kashi ɗaya bisa goma na santi ɗaya a kan kowace dala ba, wato wanda ya yi sayayyar dala 1,000 zai biya dala ɗaya. Da yake an ɗora shi bai ɗaya a yankunan uku, babu wanda ya sami damar janye ciniki daga maƙwabcinsa. Har ila yau, kuɗin yana shigowa kowace shekara ba tare da jiran kasafin wata majalisa ba, abin da ya ba hukumar halin tsara aiki mai dogon zango.

Abu na biyu shi ne rabo. Doka ta tanadi cewa rabin abin da aka tara zai shiga asusun haɗin gwiwa, ɗaya rabin kuma a mayar wa yankin da aka karɓo shi don gyaran wuraren shaƙatawarsa. Ta haka kowace hukuma ta ga amfaninta a gida tun kafin hanyar ta iso ƙofarta. Su kuma membobin majalisar gudanarwa, shugabannin yankunan uku ne ke naɗa su, don kada wani ɓangare ya yi babakere.

Abu na uku shi ne kula da aikin bayan kammalawa. Hukumar haɗin gwiwar ce ke tsarawa da ginawa, amma galibi garin da hanyar ta ratsa, ko sashen kula da gandaye na gundumar, shi ke ɗaukar nauyin shara da yankan ciyawa da ƙananan gyare-gyare, bisa yarjejeniyar da ake ƙullawa. Wannan ya hana aukuwar abin da aka saba gani, inda ake buɗe aiki da biki sannan a bar shi ya lalace.

Sai dai tafiyar ba ta rasa cikas ba. A watan Afrilu na shekarar 2013 an amince da wani ƙarin haraji, wanda wani kaso nasa ya tafi ga gyaran harabar shahararren ginin nan mai siffar baka da ke bakin Kogin Misisifi, amma birnin da gundumar Sant Luwis kaɗai suka shiga, ban da Sant Cals. Bugu da ƙari, burin da aka sa a gaba shi ne mil 600, alhali abin da aka gina cikin shekaru fiye da 20 ya ɗara mil 120 ne, domin mallakar filaye da gina gadoji suna cin kuɗi da lokaci.

Ga masu zuba jari, abin dubawa a irin wannan aiki shi ne ko an rubuta waɗannan sharuɗɗa uku kafin a sa diga a ƙasa. Inda aka rubuta su, mai son buɗe gidan abinci ko shagon kekuna a bakin hanyar yana da tabbacin aikin ba zai tsaya ba don an sauya shugaban wata majalisa.