Kada Ka Kai Littafin Kakanka Wurin Mai Laminatin

Aikina kula da tsofaffin littattafan da aka rubuta da hannu a ɗakin karatun jami'a, a sashen nan da ɗalibai ba sa leƙowa sai rubuta kundin digiri ya matso. A can muke share ƙura, mu jera warƙoƙi, mu rubuta bayanin kowane littafi, mu ɗauki hotonsa. Masu bincike sun san hanyarmu. Maganata yau da wanda ke da gafaka ko tsohuwar adaka a ɗakin marigayi mahaifinsa ce, cike da takardun da bai iya karantawa ba, amma yana jin nauyinsu a zuciya.

Gara da yoyon ɗaki sun yi ɓarna, ba musu. Sai dai ɓarnar da ta fi ba mu ciwon kai a 'yan shekarun nan daga hannun masoyan littafin take fitowa. Mutum ya ga warƙa ta fara yagewa, sai ya ɗauka ya kai shagon da ake laminatin takardar shaidar makaranta, a gasa ta cikin leda, ya dawo gida yana murna ya ceto gado. Injin nan zafi yake amfani da shi, yana narka ɗanko ya shige cikin zaren takardar, ya kama tawadar. Bayan shekaru ledar kan yi rawaya ta fara ɓanɓarewa, kuma idan ta tashi da rubutun take tashi. Na riƙe irin wannan warƙa a hannuna: haruffan sun bi ledar, a jikin takardar sai inuwarsu. Ba mu da dabarar mayar da ita yadda take. Selotef ma haka yake. Yana bushewa ya faɗi, ya bar tabo ruwan ƙasa daidai kan layin da aka so a ceta.

Mu idan za mu gyara yagewa, da wata siririyar takarda ta Japan muke yi, da kokon sitacin alkama. Dalili ɗaya ne: duk gyaran da muka yi, dole wanda zai zo bayanmu ya iya warware shi da ɗan danshi ba tare da ya cuci littafin ba.

Abin da mutane ba su sani ba shi ne takardar da malamanmu suka yi rubutu a kai a ƙarni na 19 ta fi ƙarko nesa da wadda muke saye yau. Da tsummoki aka yi ta. Mafi yawanta daga arewacin Italiya ta fito, ta biyo fatake ta Tarabulus da Masar ta ratso Sahara har kasuwannin Kano da Barno. Ɗaga warƙa ɗaya sama ka sa ta tsakaninka da hasken taga. Sau da yawa za ka ga jinjirin wata uku a jere cikin jikin takardar, wani lokaci da fuskar wata cikin garkuwa ko haruffan masu masana'antar, kamar gidan Galvani. Wannan alamar na taimaka mana mu ƙiyasta zamanin da aka kwafi littafi idan marubucin bai sa shekara ba. Da zarar an rufe ta da leda, shaidar ta yi wuyar gani, kaurin takardar ma ba ya aunuwa. Abin mamaki, fayilolin ofisoshin En'e na shekarun 1940 da 1950 sun fi waɗannan littattafai lalacewa, don takardarsu ta ɓawon itace ce mai tsami, tana karyewa kamar busasshen ganye, ga tsatsar allura da fil ta cinye kusurwoyinta.

Tawada ma iri-iri ce. Wadda aka yi da gawayi da ƙaro tana zaune ne a saman takarda, ɗigon ruwa ɗaya ya isa ya wanke ta. Wadda aka dafa da bagaruwa da ƙarfe ba ta wankuwa da sauƙi, amma idan ta sha danshi tana cin takardar a hankali har harafi ya zama rami. Shi ya sa ƙulle littafi a ledar kasuwa da damina babban kuskure ne: danshi ya shiga ba ya fita, funfuna ta samu wurin zama. Kuma don Allah a daina yayyafa fiya-fiya ko kananzir a cikin adaka. Ƙwarin za su mutu, takardar ta yi tabo, mai buɗewa kuma ya shaƙi guba.

Akwai wata ɓarnar da ba a cika magana a kanta ba, wato rabon gado. Littattafanmu na da ba ɗinkakku ba ne. Warƙoƙi ne a sake tsakanin tadarishi biyu, a ɗaure da igiyar fata a sa a gafaka. Babu lambar shafi. Abin da ke riƙe da jerinsu shi ne kalmar nan guda da marubuci kan sa a ƙasan shafi, wadda ita ce farkon shafin da ke biye. To sai malam ya rasu, magada su zauna, a raba littafi guda kashi uku don kowa ya samu albarka. Kashi ɗaya ya tafi Legas, ɗaya ya zauna a ƙauye, na uku ya bi 'yar da aka aurar wani gari. Sunan mawallafi yana farko, sunan mai kwafi da shekara suna ƙarshe, na tsakiya kuwa ya zama maraya. Mukan shafe makonni muna neman asalin irin wannan guntu. Shawarata ga magada ita ce a bar kowane littafi a dunƙule, a yi masa ƙima a raba ƙimar, ko a mayar da shi waƙafin gida a hannun mutum ɗaya amintacce, sauran su riƙe hotonsa.

Wani dattijo ya taɓa tambayata, bayan ya daɗe yana juya hularsa: "Ɗana, in na kawo muku, ba shi ke nan gwamnati ta karɓe ba?" Na ce, "Baba, Allah ya ƙara maka lafiya, littafinka naka ne. Mu duba, mu share, mu ɗauki hoto in ka yarda, ka koma da abinka." Tsoronsa ba na banza ba ne, don an sha aron littattafai daga gidajen malamai ba a mayar ba. Saboda haka ko mu ne, kada ka saki littafi sai da takardar yarjejeniya mai sa hannu, wadda ta faɗi adadin warƙoƙi da ranar mayarwa.

Wuraren da za a nufa suna nan. Akwai Gidan Arewa a Kaduna, cibiyar Jami'ar Ahmadu Bello da Farfesa Abdullahi Smith ya kafa a 1970 a tsohon gidan Sardauna. Akwai tarin rubuce-rubucen hannu a Jami'ar Bayero ta Kano da Jami'ar Ibadan, da cibiyar tarihi ta Waziri Junaidu a Sakkwato. A Yamai, Jami'ar Abdou Moumouni na da sashen rubuce-rubucen Larabci da ajami. 'Yan uwanmu na zango a Gana kuwa, Jami'ar Gana da ke Legon na riƙe da ayyukan Alhaji Umaru na Kete Krachi, Bakanon da ya rasu a can a 1934.

Kada kuma ka raina abin da ke hannunka don ba Infaƙul Maisuri ba ne ko waƙoƙin Nana Asma'u. Waɗannan suna da kwafi da yawa. Wasiƙar da wani alƙali ya aika wa hakimi, lissafin bashin wani falke, sunayen malaman da kakanka ya yi karatu a wurinsu da ya rubuta a gefen shafi, waƙar ajami da aka yi kan wata yunwa, su ne ba su da na biyu. A ganina ma su suka fi cancantar a fara ɗauka hoto. Abin da ya faru a Tumbuktu a Janairun 2013, lokacin da aka ƙona dubban littattafai a cibiyar Ahmad Baba, ya nuna cewa ko ginin hukuma ba ya hana asara idan kwafi ɗaya ne tak.

Kafin ka samu zuwa wurin masana, ɗauke adakar daga ƙasa ka ɗora kan benci nesa da bango. Naɗe kowane littafi da farin ƙyalle na auduga mai tsabta. Wanke hannu ka shanya kafin ka taɓa, kada ka lashi yatsa don buɗe shafi, kada ka sa biro a kai. In warƙoƙi sun hargitse, bar su yadda ka same su, kada ka jera da ka. Sannan ka ɗauki hoton shafin farko da na ƙarshe da wayarka, ka kai wa sashen adana rubuce-rubucen hannu na jami'ar da ta fi kusa da kai.