Yamai zuwa Jidda: nisan hanya da hayaƙin jirgi

Tambaya: Bana Allah Ya nufe ni da sauke farali. Ɗana da ke karatu a Tawa ya ce hayaƙin jiragen sama yana cikin abin da ke dagula mana damina, maganar kuwa ta tsaya mini a rai. Yaya nisan hanyar yake, awa nawa za mu yi a sama, kuma shin yaron nan gaskiya ya faɗa?
Wani manomi, Buza

Amsa: Allah Ya kai ka lafiya, Ya dawo da kai lafiya.

Daga filin jirgin Diori Hamani na Yamai zuwa Jidda kusan kilomita 4,000 ne a miƙe, tafiyar awa biyar da rabi zuwa shida. Tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a 2023 jirage ke kauce wa sararinta, saboda haka ka ƙara wani abu a kan lissafin. Agogon Saudiyya kuma yana gaban namu da awa biyu. Wahalar ma ta ƙasa ce: daga Madawa zuwa Yamai, ta Kwanni da Dogon Dutsi da Dosso, wajen kilomita 500, wuni guda a mota. Ka yi yamma wuni sukutum, jirgi ya ɗauko ka ya juyo gabas, miƙaƙƙiyar hanyarsa kuwa ta sararin Adar ta bi, kusa da Buza da Keita.

Yaron bai yi ƙarya ba. Kowane kilo ɗaya na man jirgi da ya ƙone yakan bar sama da kilo uku na iskar kabon, domin kabon ɗin man yana haɗuwa da iskar da muke shaƙa, nauyi ya ƙaru. In aka raba a kan fasinjoji, rabonka zuwa da dawowa zai kai kilo 600 zuwa 700, wato nauyin buhun hatsi shida ko bakwai. Ita wannan iska ce ke taruwa a sama tana riƙe zafi.

To amma a auna da adalci. Ɗan Nijar, a matsakaicin lissafi, kusan kilo 100 yake fitarwa a shekara, ɗan Amurka kuwa ya haura kilo 13,000. Jiragen duniya gaba ɗaya ba su kai kashi 3 cikin 100 na iskar kabon da ake fitarwa ba, kuma galibin kujerunsu masu yawan hawa jirgi ne ke cika su. Ni dai ba zan ɗora laifi a kan wanda ya shekara yana tara kuɗin albasa da na tumaki don tafiya ɗaya a rayuwarsa ba.

Balle ma kai mutumin kwarin Majiya ne. Tun 1975 aka fara jera layukan bedi a can don tare iska, aikin Keita kuma ya soma a 1984, aka dasa miliyoyin itatuwa, mata suka yi ta ɗaukar duwatsu a kai ana tare zaizayar ƙasa. Itacen nan kabon yake zuƙa yana girma.

In kana da zaɓi, ka nemi jirgin da ba ya yada zango, don tashi da hawa sama ne suka fi shan mai, kuma ka rage tsaraba mai nauyi. In Jidda za ku sauka ku zarce Makka, haraminka ya kasance a jakar hannu, domin jirgi na sama zai ratsa miƙati.