Tambaya da Amsa: Ciambotta ta Zame Mini Fate, Ina Kuskuren?

TAMBAYA

Maigidana ya yi karatu a Italiya, kullum yana yi mini zancen wata dahuwar kayan lambu da suke yi a lokacin zafi, wai ita ciambotta. Na yanka yalo da dankali da tattasai da tumatir, na zuba ruwa na dafa, sai ta fito mini tsululu kamar fate, babu armashi. Don Allah a taimaka mini.

Maman Hanifa, Zariya

AMSA

Allah ya ƙara danƙon ƙauna. Wuri biyu aka samu matsala: kin zuba ruwa, kuma kin haɗa komai a tukunya lokaci guda.

Ciambotta abincin manoman kudancin Italiya ne, a yankuna irin su Kampaniya da Basilikata da Kalabiriya. Daga Yuli zuwa Satumba lambunansu kan cika da yalo da tattasai da tumatir, sai uwar gida ta tsinko abin da ya nuna ta dafa. Larabawa ne suka yaɗa yalon nan mai launin shuni a yankin, su kuwa tumatir da tattasai da dankali daga nahiyar Amurka suka iso bayan 1492. Tunda ba nama ne ke riƙe da girkin ba, daɗinsa duka yana cikin kayan lambun, kuma ana so kowanne ya nuna ba tare da ya narke ba.

Ga abin da zai ishi mutum huɗu: yalon Turawa manya 2, dankalin Turawa 3, tattasai 3 (ja da kore), zukini 2, nunannen tumatir 6, albasa babba 1, tafarnuwa ƙwaya 2, man zaitun cokali 6, gishiri, da ganyen ɗoɗɗoya. Zukini wata ƙaramar kabewa ce koriya mai siffar kokwamba. In ba ki samu ba, ɗanyar kabewa da ba ta ƙosa ba za ta tsaya a madadinta. Farin yalonmu ma yana yi, amma ki guji gauta saboda ɗacinsa.

Ki fara da yalon. Ki yanka shi gutsi-gutsi manya, ki barbaɗa gishiri, ki bar shi a matsami rabin awa ya tsane, sannan ki ɗauraye ki goge shi da tsumma mai tsabta. Hakan na rage masa ruwa, ya kuma hana shi shanye miki mai. Ki soya shi shi kaɗai a kasko da rabin man har ya yi ja, ki kwashe ki ajiye. Sauran kayan ma ki yanka su daidai girman yalon. Kada ki markaɗa tumatirin. Ki tsoma shi a tafasasshen ruwa minti ɗaya, ki ɓare bayansa, ki daddatsa da wuƙa.

Sai ki ɗora tukunya mai kaurin gindi, ki zuba sauran man, ki soya albasa a wuta kaɗan har ta yi laushi, sannan tafarnuwa. Daga nan mai taurin kai ne ke fara shiga. Dankali ya samu minti 10 shi kaɗai kina juyawa. Tattasai ya biyo baya, bayan minti 5 ki zuba zukini da tumatir da gishiri, ki rufe, ki rage wuta sosai. Za ki ga ruwa ya fito daga jikin kayan da kansa, shi ne romon. In kin ji tana neman kamawa, cokali biyu na ruwa ya wadatar. Bayan minti 20 ki mayar da yalon, ki bar tukunyar a buɗe minti 10 ta tsotse. Ki juya a hankali don kada su farfashe.

Na san hannu zai kai ga dunƙule da kori da attaruhu. Ki daure a karon farko, ki ji zaƙin albasa da tattasai yadda yake. Mutanen Kalabiriya suna son yaji, don haka ɗan barkono ba laifi. Ɗoɗɗoyarmu ta fi tasu ƙarfin ƙamshi, ganye huɗu ko biyar sun isa, kuma sai kin sauke za ki yayyaga su a kai. In man zaitun ya yi tsada ki yi da man gyaɗa, ki ajiye cokali ɗaya na zaitun ki yarfa a ƙarshe.

Kada ki kai ta gaban maigida tana tururi. Ki bar ta ta huce rabin awa, domin da ɗumi-ɗumi ake cin ta, kuma wadda ta kwana a firji ta fi daɗi. Da burodi mai ɓawo suke ci, a Basilikata har ƙwai sukan fasa a ciki. Da farar shinkafa ko kuskus ma tana tafiya.

Shawara ta ƙarshe: su a lokacin zafinsu kayan ke nuna, mu kuwa a nan Arewa sai noman rani ya shigo kasuwa, wajen Janairu zuwa Maris, tumatir da tattasai ke yin ja da araha. A lokacin ne za ki sami ainihin ɗanɗanonta. Allah ya sa albarka a hannunki.